Yaya Mai Tikiti, Uwar Matsorata

Ƙarfe bakwai da rabi take hawa benen, ta ɗan tsaya a tsakiya saboda gwiwa. Ta buɗe ofis, ta kunna kwamfutar da sai an lallaɓa ta take tashi, sannan ta jera kujeru uku. Shekara ashirin da shida ke nan tana sayar da tikitin jirgin sama a wannan ɗan ɗakin. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Tikiti kowa ma ya iya sayarwa. Ita gwanintarta gane mai tsoro tun daga bakin ƙofa. Sai ta zaunar da shi a kujerar tsakiya, ta ɗaura masa wani tsohon bel irin na kujerar jirgi, ta ce, "To, mun tashi." Ta kama kujerar ta jijjiga. "Ka ji? Gargada ce kawai, ba ta kai ta hanyar unguwarku ba." Mutum ya shigo yana gumi, ya fita yana dariya.

Wani dattijon tela ba ya gajiya da ba da nasa labarin. 'Yarsa tana karatu a ƙasar waje, ciwo ya kwantar da ita, aka sa ranar tiyata, ba ta da kowa a can. Sau biyu yana hawa benen nan don a soke tikitinsa.

"Yaya, ni fa ko gada mota ta hau sai na rufe ido. Ga shi kin ce zan sauya jirgi a wata ƙasa. In na ɓata fa?"

"Baba, in yarinyar nan ta farfaɗo, wa kake so ta fara gani?"

Ta jawo takarda ta rubuta masa tafiyar daki-daki da manyan baƙaƙe: inda zai cire takalmi, inda za a nemi fasfo, abin da zai amsa. A bayan takardar ta rubuta da yaren ƙasar da zai sauya jirgi cewa a taimaka a kai shi ƙofar jirginsa. Ta ƙara da lambar wayarta, ba ta ofis ba.

Ranar tafiyar, ta zauna cin abincin rana ke nan wayar ta yi ƙara. Telan ne, an sauya masa ƙofa a filin jirgin da ya yada zango, saura minti arba'in.

"Yaya, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata," in ji shi.

"Me kake gani a gabanka?"

"Shagon turare."

"Madalla, shaƙi na banza. Sau uku, a hankali." Ta jira ya yi. "Akwai ma'aikaci kusa?"

"Ga wata mai shara."

"Juya takardar ka miƙa mata."

Mai sharar ta jingine tsintsiyarta ta kai shi har ƙofa. Yaya ba ta kashe waya ba sai da ya ce ya zauna. Washegari da yarinyar ta buɗe ido, mahaifinta na gefen gado riƙe da hannunta.

Yaya, ke ce ba ki taɓa ce wa babba "haba, kamar yaro" ba. Ke ce kika san mai tsoro ba wawa ba ne, wani yake so ya je ya gani, zuciya ce ta tsaya masa a hanya. Fasinja ya sauka lafiya ya yaba wa matuƙi, ke ko sunanki bai tambaya ba, ba ki kuma damu ba.

Mun gode, uwar matsorata. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki huta cikin jikoki. Mu kuma da muke zaune a bayan tebura, in wani ya yi mana tambaya ɗaya sau huɗu, mu amsa masa ta huɗun da fuskar da muka amsa ta farko. Haka ta yi shekara ashirin da shida.