Ƙauyen da Ya Amsa da Baki Ɗaya

Shekara ashirin da shida Sakiusa Ravouvou ya yi yana aikin akawu a wani ƙaramin kamfanin jiragen ruwa da ke bakin tashar birnin Suva, a wata ƙasar tsibirai, kuma a duk tsawon shekarun nan sau uku kacal ya makara. Ya san sau uku ne domin ya rubuta. Yana da ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihun zanensa na ofis, irin wanda mazan ƙasar ke ɗaurawa a madadin wando. In ya cika sai ya sa masa lamba ya jera shi a kwali ƙarƙashin gado, yanzu yana kan na tamanin da ɗaya. A ciki akwai ranar da aka canja ƙwan fitilar ofis, akwai yawan kwanakin da aka yi ruwan sama a Suva bara. In ya faɗa wa mutane adadin sai su ce da kwanakin da ba a yi ba ya ƙirga, da ya huta.

A watan Yuni manaja ya kira shi ya ce shugaban sashen rajista zai ajiye aiki ƙarshen shekara.

"Kujerar taka ce, Saki, kowa ya sani. Amma masu kamfani sun ce sai mai takarda. In ba ka kawo shaidar kwas ɗin nan kafin Disamba ba, wata za su ɗauko daga jami'a. Kai za ka koya mata aikin, ita za ta riƙa sa maka hannu a takardar hutu."

Haka Sakiusa, yana da shekara arba'in da tara, ya shiga ajin ranar Asabar na koyon bincike da alƙaluma don kasuwanci da tattalin arziki. Ya shiga da ƙwarin gwiwa, yana ganin an zo gidansa, tunda shi da lamba tare suka tsufa. Gwajin farko ya ci tara cikin talatin. A nan ya gane lambobin da ya sani masu ladabi ne, inda ka ajiye su nan za ka tarar da su. Waɗannan kuwa ko me ka tambaye su sai su ce maka wataƙila.

Malamar ajin, Dakta Urmila, 'yar siririya ce mai magana a hankali, ba ta maimaita abu sau biyu sai dokoki uku. Ka zaɓi waɗanda za ka tambaya ta hanyar ƙuri'a, ba ta son rai ba. Ka tambayi kowa shi kaɗai. Abin da aka rubuta kuma kada ka taɓa shi. Dokar ƙarshen nan ce ta sa Sakiusa bai gudu ba, ya ji ashe addininsu ɗaya da matar.

Rabin makin kwas ɗin yana kan bincike guda da kowane ɗalibi zai fita ya yi. A lokacin kamfaninsu na tunanin sa firiza a jirgin da ke zuwa tsibirin Kadavu, don mutanen ƙauye su riƙa aiko da kifi kasuwar Suva. Sakiusa ya ce ga aiki ya samu. Ya zaɓi ƙauyen mahaifiyarsa, domin can ba mai korarsa, ga wurin kwana ga abinci. Gidaje ɗari da goma sha takwas ne. Ya rubuta lambobinsu, ya yanka da almakashi, ya zuba a gwangwanin biskit, ya rufe ido ya zaro arba'in. Ya shirya tambayoyi goma sha biyu, kowace da amsa biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Ya zuba takardun a ambulan, ya lulluɓe da leda biyu.

Ya sauka ranar Alhamis da hantsi. Baƙo ba ya shiga gari da buƙata sai ya gabatar da saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taro, don haka ya wuce zauren taro da ƙullinsa, ya tanƙwashe ƙafa a gaban dagaci, wato Kawu Josateki, yayan mahaifiyarsa. Ya miƙa saiwar da hannu biyu. Ambulan ɗin kuwa ya dame shi a hammata, sai ya ajiye shi a kan tabarma, dab da yangonar.

Kawu ya miƙo tafin hannunsa mai faɗi ya ɗora a kan abin biyu gaba ɗaya. Ya yi jawabin karɓa, dattawa suka tafa. Tun yana yaro Sakiusa yake zama a irin wannan zaure, ya san abin da aka ajiye gefen yangona aka ɗora wa hannu ya tashi daga naka, ya zama roƙon da ka kawo wa gari duka. Ya sani sarai. Sai dai ya tuna ne bayan an gama tafin.

"Kawu, takardun nan fa gida arba'in kawai za a kai wa, ga lambobinsu."

"Wa ya zaɓe su?"

Sakiusa ya ɗan yi tari. "Gwangwani."

"Wane gwangwani?"

"Na biskit, Kawu."

Tsohon ya sa tabarau ya bi jerin da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa. "Wato gwangwanin ya tsallake ni, ya tsallake fasto, ya je ya faɗa gidan Akanisi, wadda rabonta da taron gari tun guguwar bara waccan."

Akanisi 'yar ƙanen Kawu ce, taubashiyar Sakiusa, kuma tun suna yara ba ta taɓa barinsa ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Daga bakin ƙofa ta ɗaga murya: "Gwangwanin nan ya fi ka hankali, taubashi! Ka bar shi ya zana maka jarrabawar, kai ka riƙe masa jaka."

Da dariya ta lafa, Kawu ya ce, "Ɗan 'yar gari ba ya bin gida-gida da takarda kamar mai tallar maganin tsutsa. Ka zo da buƙata, gari zai amsa maka. Tashi ka je ka ci abinci."

Ya je ya ci gwaza da kifi a romon kwakwa, yana ci yana lissafin dokoki biyun farko na Dakta Urmila da suka riga suka rushe.

Washegari maza suka zauna tun safe har la'asar, aka ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi wasa da aikin ba, wannan kam ya shaida. Wani ya ce firiza arziki ce. Wani ya ce in aka fara aika kifi birni, cikin shekara biyu ba za a bar ko na miya a bakin gaɓa ba. Wani ya ce shi ya yarda in jirgin zai riƙa zuwa ranar da ya ce zai zo, abin da bai taɓa yi ba, ya faɗa yana kallon Sakiusa. Ga bambancin ra'ayin da ya tsallako teku yana nema, yana ta yawo a zaure kamar hayaƙi. Amma da an gaji da musu sai Kawu ya dunƙule magana, a tafa, malamin firamare ya bi takardu arba'in da kyakkyawan rubutunsa yana sa alama. Kuma tunda abin da ɗan 'yar gari ya roƙa ba a hana shi, kowace alama a gidan "na yarda ƙwarai" ta sauka.

Tambaya ta tara da gangan ya juya ta, yadda aka koya musu, don a kama masu amsawa ba karatu. Cewa take firiza ba za ta amfani gidana da komai ba. Ita ma an yarda ƙwarai.

"Kawu, wannan ai ta saɓa wa sauran."

"Mun gani. Amma kai ka rubuta ta. Mu yi maka musu a takarda, a kai Suva a ce dangin uwarka sun ƙaryata ka?"

Da yake hannunsa ba ya iya zama, duk tsawon zaman yana ta rubuta wanda ya yi magana da abin da ya ce a ɗan littafinsa. Mutum ashirin da uku: tara suna so, takwas ba sa so, shida da sharaɗi.

Ranar Asabar yana jiran jirgi ya tarar da Akanisi a bakin ruwa tana fere kifi.

"Malamin bincike! An gama binciken masu kifi ba a tambayi mai shiga ruwa ko ɗaya ba. Mazan nan da suka cika maka takarda, wanne ka gani da jiƙaƙƙen zane?"

Ya zauna a kan kwale-kwale ya tambaye ta, ita da mata huɗu da ke wurin, ya rubuta. Da ya gaya mata damuwarsa sai ta goge hannu a zane.

"Kawo biron in watsa maka amsoshin. Wannan uku, wancan biyu, wancan huɗu. Wa zai sani? Ko gwangwanin ne zai kai ƙara?"

A Suva ya shigar da amsoshin cikin kwamfuta. Matsakaicin amsa, biyar. Tazarar da ke tsakanin amsoshi, sifili. Inda ya kamata ta nuna alaƙar wannan tambaya da waccan, sai ta bar masa fili fari fat. Ya kashe ta ya kunna har sau uku, ko za ta sake shawara.

Ranar Lahadi bayan an taso coci ya baje takardun a tebur, ya ɗauko abin goge rubutu. Maganar Akanisi tana masa yawo a kunne, a zuci kuma yana hango wata baƙuwa da bai taɓa gani ba zaune a kujerar rajista tana duba takardar hutunsa. Ya riƙe abin gogewar a saman takarda ta goma sha bakwai na tsawon minti goma sha ɗaya. Ba tsoron Allah kaɗai ne ya hana shi ba, gara a faɗi gaskiya. Rasa yadda zai shigar da abin a ɗan littafinsa ya yi. In ya rubuta, ya ajiye wa kansa shaida. In bai rubuta ba, littafi na tamanin da ɗaya ya samu giɓi ke nan, shi kuwa ya san ba zai iya kwana da kwali mai giɓi a ƙarƙashin gadonsa ba.

Sai ya rubuta rahoton yadda abin ya faru: jerin biyar-biyar, da sifilin, da tabarma, da hannun Kawu, da tafin. A can baya ya liƙa kwafin shafuka shida na ɗan littafin.

Bayan mako biyu Dakta Urmila ta tsayar da shi da aka tashi aji.

"Malam Sakiusa, shekara goma sha tara ina koyarwa, ban taɓa ganin sifili mai tsabta irin naka ba. Mutum nawa ka ce ka tambaya?"

"Arba'in, Dakta."

"Ɗaya. Kawunka, sau arba'in." Ta buɗe bayan rahoton. "Waɗannan shafukan fa, wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Hannuna ne ba ya zama."

"To su kaɗai ne bincike a nan. Su da kuma abin da ba ka goge ba."

Maki hamsin ake nema a ci, ta ba shi hamsin da biyu. Ta kuma roƙi izinin ta riƙa karanta wa sababbin ɗalibai rahoton duk shekara, a darasin abin da ba a yi. Ya ce a cire sunansa. Ta cire sunan ta bar gwangwanin biskit, alhali Suva ba ta da girman da za a rasa gane mai gwangwani.

Ranar shida ga Janairu ya hau kujerar rajista. Da manaja ya tambaye shi batun firiza, tunda yanzu shi ne mai ilmin abin, sai ya ce a aika wani ya tambayi matan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ko me zai faru kada ya ajiye komai a kan tabarma.

Jirgin makon nan ya zo masa da ƙunshin busasshen kifi daga Akanisi. A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe, yadda duk 'yan dako za su iya karantawa: A ba Malam Sifili, Shugaban Rajista. Ya ƙirga kifin, guda goma sha huɗu ne. Ya ciro ɗan littafin ya rubuta, har da sunan, tunda haka aka rubuto shi.