Rijiyar Taguwarmu

A Agege aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakana ne ya zo daga Kano fataucin goro, ya tarar da goron a bakin ƙofa, ya ce to komawar me zai yi. Arewa na je ta, amma zuwan biki, in ci tuwo, in kwana, in dawo da mura. Boko kuwa na bi shi har inda aka fara lissafin rabawa, daga nan muka yi sallama ba tare da faɗa ba.

Aikina na farko a gidan zu sayayya ne. Ƙaramin wuri ne a bayan gari, na wani attajiri Bayarabe, mu dai oga muke ce masa. Da safe in tafi kasuwar Mile 12 in kwaso kabejin da ya fara laushi, da karas, da ayaba, in loda a danfo, wato bas ɗin haya, in kai wa birai da jimina. Ana nan sai oga ya je kara ya sayo taguwa, wato macen raƙumi, daga cikin waɗanda ake saukewa daga tirela don yanka. Ya ce 'yan makaranta za su so ganinta. Da aka zo neman wanda zai riƙa yi wa yara bayaninta, sai kowa ya juyo ya kalli hulata.

Na gaya musu gaskiya, na ce ni raƙumi a teburin mahauta na san shi, gunduwa-gunduwa. Suka yi dariya, suka ce Baba akwai ƙanƙan da kai. Wai duk Bahaushe a bayan raƙumi ya yi rarrafe. Haka aka ɗauke ni daga kabeji aka kai ni sashen ilmantarwa, aka ba ni riga mai aljihu da yawa, babu abin da zan saka a ko ɗaya. Shugabar sashen, wadda muke kira Madam, 'yar siririya ce mai tabarau, ta karanci dabbobi a jami'a, amma ita ma a littafi ta san raƙumi. Sai muka zama biyu.

Tunda an ba ni ita, sai na zauna na yi ta kallonta. Leɓenta na sama a tsage yake, kowane ɓari motsinsa daban. Hancinta tana rufe shi kamar mai rufe taga. Tafin ƙafarta kuwa kamar burodin Agege da wani ya zauna a kai. In tana tuƙa, haɓarta ta tafi dama, ta dawo ta tafi hagu, tana kallona ta ƙasan gashin ido irin kallon da surukata take yi mini. Yara su tambaye ni ko ruwa ne a tozon, in waiwaya in kalli Madam, ta ce kitse ne, ni kuma in maimaita da ƙarfi da Yarbanci kamar daga kakana na gada.

Da damina ta yi nisa, taguwa ta fara rage ci. Daga baya ta daina gaba ɗaya, ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa. Tozon ya kwanta gefe kamar hular da ta sha wanki. Likitan dabbobi ya zo ya duba haƙori da kashi, ya yi allura, ya sa aka kawo kanwa da busasshen yashi, aka yi mata rumfa. Mutumin ya yi iya yinsa, ya ce shi bai ga ciwo ba. Oga ya ce shi ba zai zuba ido ta mutu a banza ba. In makarantu suka dawo daga hutu ba ta tashi ta ci ba, a miƙa wa mahauta tun da sauran nama a jikinta.

Mahaucin da aka yi wa magana maƙwabcina ne, Bazazzage, ga shi abokin wasa. Duk la'asar in na zo majalisa sai ya matsa mini a benci, ya ce, "Malamin jami'a, ya jikin namana? Ka riƙa shafa mini ita, kada ta yi tauri."

Na ce, "Bazazzage, kai da ko akuya sai an riƙe maka ƙafa?"

Ina ba shi amsa, amma abin yana cina. Na saba da dabbar nan. Kuma ina so in san me ke damunta, don ban taɓa ganin mai lafiya ya ƙi abinci ba, ni dai ko a gidan makoki ban taɓa ƙi ba.

A bayan layin dogo akwai wani tsohon Buzu daga Nijar da ke gadin sito. Shekara da shekaru ina wuce shi, daga sannu sai sannu. Na sayi ganyen shayi da sukari na je na zauna. Sai da muka sha shayi har ya salance kafin ya bar ni na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ba ya iya faɗin komai sai ya gan ta. Ranar da ya sami mai riƙe masa ƙofa muka shiga danfo, rawaninsa yana gogar rufi, kwandasta yana ta mita.

Da muka isa bai je wajen bakinta ba. Ya zagaya ta, ya durƙusa, ya shafa kafaɗarta da haƙarƙarinta inda gashi ya cinye, fata ta yi kanta. Ni na ɗauka tabon tirela ne. Ya daɗe yana bin wurin da yatsa, sa'an nan ya ɗago.

"Wagga ba ciwo gare ta ba. Ta jan ruwa ce. Mi take yi nan in gari ya waye?"

Na ce kallonta ake yi.

Ya ce, "Kai in an aje ka ana kallo, kana ci?"

Na ce ni kam zan ci. Bai yi dariya ba.

Ya yi mana bayani ina fassara wa Madam. A garinsu, in ji shi, rijiya ba a janta da hannu. Igiyar guga ake ɗaura wa raƙumi, ya yi gaba har guga ta fito, a juye, ya juyo ya dawo, a sake. Tun tana ƙarama aikinta ke nan. Ya ce bai yi alkawari ba, don wata in ta kwanta ta kwanta ke nan, amma a nemo doguwar igiya da wani abu mai nauyi.

Dokar gidan ita ce dabba ba ta fita daga shingenta. Madam ta cire tabarau ta goge, ta ce a buɗe, in oga ya yi faɗa ita ce. Muka samo igiyar tanka da tsohuwar tayar mota. Buzu ya sa mata akala, ya naɗa buhu a kafaɗarta ya ɗaura igiyar, ya yi wani sauti da harshe. Ba ta motsa ba. Ya ja igiyar baya har ta ji nauyin taya, ya sake yi. Sai ta yi wani gurnani kamar ana zuƙe kwata, ta ɗaga gindi tukuna, sa'an nan gaba. Ban san haka suke tashi ba, na yi tsalle na faɗa kan bokiti.

Ta kama hanyar tsakuwa daga gindin mangwaro, tana layi, taya tana binta. Ta wuce kejin birai, ta wuce jimina, ta wuce wurin kada. Ina riƙe da akala ina shirin kai ta har bakin ƙofa, sai ta tsaya cak daidai famfo. Babu wanda ya tsayar da ita. Ta ɗan jira, ta juya da kanta ta koma mangwaro. Muka sake, ta sake tsayawa a famfon nan. Na duba ƙasa ko akwai abin da take tsoro, babu komai.

Madam ce ta fara ganewa. Ta tsaya a famfo ta hango mangwaron can nesa, ta ce, "Baba, tambaye shi. Nan ne guga take fitowa?"

Buzu ya ce nan ne.

Ta ce, "To ai zurfin rijiyarsu ke nan a kwance a gabanmu."

Na tsaya na auna da ido. Ni da a gidanmu in ka haƙa ramin shuka ayaba sai ruwa ya taso ya gaishe ka. Na yi ta ƙoƙarin miƙar da hanyar nan tsaye a cikin kaina, in leƙa ƙasanta, sai jiri ya ɗebe ni.

A dawowa ta ƙarshe ran nan ta miƙa wuya ta fizgi ganyen dogon yaro da ya leƙo ta katanga. Ganye kaɗan ne, amma na ga saukarsa a maƙogwaronta. Buzu ya koma gadinsa bayan ya koya mini sautin. Da giɓin bakina abin yana fita kamar kiran kaji, amma tana yi mini uzuri. Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa mu yi jan ruwanmu na ƙarya, in ta gama ta ci. Tozon dai bai miƙe ba, kuma oga ya yi tafiya bai san me ake ciki ba.

Ranar da makarantu suka koma ya dawo, ga Bazazzage a bayansa da igiya a jaka. Suka tarar da 'yan firamare sun yi layi a gefen taguwa. Madam ta ce wa yaran kowa ya ɗauka shi ne yake jin ƙishi, ba zai sha ba sai ta tsaya. Muka tashi daga mangwaro. Tun a kejin birai wata ta fara tambaya ko ruwan bai iso ba. A wurin kada surutu ya mutu. Da taguwa ta tsaya a famfo, duk suka juya suka kalli inda muka taso.

Oga ya tambayi wa ya ba da izinin fito da dabba. Madam ta ce ita ce. Ya kalli tozon, ya kalli yaran, ya tattare babbar rigarsa ya ce a sake ya gani. Ya bi mu har famfo yana haki. Da ya huta ya ce tsakuwar nan za ta ji mata ciwo a ƙafa, a kira mai tifa ya zuba yashi daga bishiya zuwa famfo. Mahauci kuma a ba shi haƙuri.

Bazazzage bai tafi nan da nan ba. Ya rataya jakarsa, ya ce bari shi ma ya ga wannan rijiya ta Kanawa. Ya bi ta sawu guda, tafin hannunsa a kan haƙarƙarinta. Har yau ban sani ba ko rijiyar yake aunawa ko naman.