Ranar da Nasirudeen Ya Sauya Layi

Ni ne direban bas ɗin ƙungiya, saboda haka abin da zan faɗa a kan Nasirudeen ba ji na yi ba, a idona aka yi shi. Sunana Sanda, mutumin Kano ne ni. Duk mako ina jan motar kago, ta dakon kaya, a unguwar Deira, ranar Juma'a kuma, da ya kamata in miƙe ƙafa kamar kowane bawan Allah, sai in ja tsohuwar bas ɗin Ƙungiyar Zumunta, ta Hausawan da ke zaune a Dubai. An sayo ta ne don kai marar lafiya asibiti da ɗauko baƙi daga filin jirgi. Yadda aka yi ta koma motar hawan dutse, Nasirudeen za ku tambaya.

Ɗan Zangon Kumasi ne, dogo, siriri, ba ƙiba ko ta sisin kwabo sai a sharaɓa. Aikinsa kai kaya a kan keke cikin lungunan Deira, inda mota ba ta iya kutsawa. Za ka hango katan-katan sun yi tsiri suna tafiya su kaɗai, sai ka matso ka ga ashe akwai mutum a ƙarƙashi. Maigidansa shi ne Alhaji Mijinyawa, ɗan kasuwar leshi da takalma, mai shago ta wajen Port Saeed. Shekarar da kasuwa ta faɗi a garin nan, kamfanin da Nasirudeen yake wa shara ya rufe, bizarsa tana gab da mutuwa. Alhaji ya tsince shi a ƙofar masallaci yana zaune ya rafka tagumi, ya ɗauke shi aiki, ya yi masa biza da sunan shagonsa. Tun daga ranar, in ka ji Nasirudeen ya ce "Baba", to ba na Kumasi yake nufi ba.

To mutumin da ya wuni a kan keke tun Asabar har Alhamis, me kake zaton zai yi da ranar hutunsa? Keke zai hau! Wani makanike ɗan Filifin a Satwa ne ya sayar masa da tsohon keken hawan dutse, mai tayoyi masu kauri da giya barkatai, shi ne kuma ya fara kai shi duwatsun Hatta. Daga nan abin ya shiga jininsa. A fulat ɗinsu na Satwa, inda suke kwana gado bisa gado, da rana keken ne ke kwance a katifarsa an lulluɓe shi da zane. Matarsa Abiba ta gaji da hotunan duwatsu da awaki da yake tura mata, har ta taɓa tambayarsa a waya ko ya tabbata Dubai ɗin da kowa ke zuwa ita ya je.

Kafin a ankara ya ja samarin Zango da dama, masu gadi da masu wanke-wanke a otal, kowa ya nemo ɗan kekensa na hannu. Hatta ba nan kusa ba ce, kuma ba mai tasi da zai yarda a loda masa kekuna. Sai Nasirudeen ya je ya durƙusa wa shugaban ƙungiya na lokacin, Malam Ɗalhatu, mutum mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba. Malam ya ce ai bas ba ta komai da safiyar Juma'a, su ɗauka. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Haka muke yi. Ana idar da Asuba mu kama hanya, kekuna a baya, su suna ta surutu rabin Hausa rabin Tuwi, yaren mutanen Kumasi. In mun isa su ɓace cikin duwatsu, su bi hanyar awaki, ni in kwanta a inuwar bas in rama barcin da suka cinye mini. Wajen hantsi su dawo, wannan gwiwa a kwaile, wancan riga a yage, kowa baki har kunne. Mu yi Juma'a a masallacin ƙauye, mu dawo. Na daɗe ina mita, amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin fuskar Nasirudeen a Deira yadda nake ganin ta in ya sauko daga dutsen nan ba.

Ana nan sai Malam Ɗalhatu ya ce zai tattara ya koma gida, a zaɓi wani. Mutum biyu suka fito. Na farko Alhaji Mijinyawa da kansa. Na biyu Abdulganiyyu, matashin ɗan kasuwar waya, mai fara'a da ƙamshin turare, wanda in ka ce masa kana son wata ya sauko zai ce maka a ba shi zuwa Alhamis.

A lokacin kuma wata matsala ta taso. Hanyar da samarin ke bi ta ratsa gefen gonar dabinon wani dattijo Balarabe, wani a cikinsu ya bar ƙofar shinge a buɗe, awaki suka yi wa shukar mutumin ɓarna, shi kuwa ya sa kwaɗo. Saboda haka da aka tara 'yan takara a siton da ƙungiya ke taro bayan La'asar don kowa ya faɗi abin da zai yi wa jama'a, ana tsaka da zancen tsadar kwantena da wanda zai riƙa raka baƙi asibiti, sai wani ɗan Zango ya ɗaga hannu.

"Mu tambayarmu ɗaya ce. Bas za ta ci gaba da kai mu dutse? Kuma wa zai je ya roƙa mana mai gona?"

Abdulganiyyu ya miƙe tun yaron bai rufe baki ba. "Habibi, wannan ai kalas ne, an gama! Bas taku ce. Mai gona kuwa ni da kaina zan je, mu sha gahawa, mu yi magana ta manya. Motsa jiki lafiya ne. Ni kaina ina son keke."

Wanda ya san Abdulganiyyu ya san ko daga shago zuwa masallaci da mota yake zuwa. Amma aka tafa masa.

Alhaji Mijinyawa bai ko tashi daga kujera ba. "Ni ba zan yi muku ƙarya don ƙuri'a ba. Keke abin neman abinci ne. Ƙato da gemunsa ya hau dutse, ba abin da zai kai, ba abin da zai ɗauko, ya faɗo ya karya ƙafa a ƙasar mutane, wa zai yi jinyarsa? Mu. Gonar mutum kuma tasa ce, ya rufe ya rufe. In na hau, bas tana nan a ƙofar sito ranar Juma'a, ko da mai naƙuda ko babu."

Na dubi Nasirudeen. Yana can baya ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar ɗaure kaya.

Abdulganiyyu dai, a ba shi abinsa, bai jira zaɓe ba. Juma'ar da ta biyo ya bi mu Hatta cikin farar shadda da takalmi mai sheƙi, da kwalbar turare a leda. Dattijon ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo gahawa da dabino. Larabcin Abdulganiyyu na ciniki ne, bai wuce "kam" da "shuwayya" ba, wato "nawa" da "kaɗan", amma ya iya dafa ƙirji da russunawa, kuma ashe abin da ke cin tsohon ke nan, ana ta wuce masa ta gona ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi sallama. Ya cire kwaɗon, ya nuna ƙofar, ya nuna awaki, ya kaɗa yatsa. Kowa ya gane. Samari suka matsa wa ɗan takara sai ya ɗana keke, ya ce shaddarsa sabuwa ce, sai wani jiƙon.

Labari ya riga mu isa Deira. Ranar Asabar ina shagon Alhaji ina jiran kaya sai ya kira Nasirudeen.

"Nasiru, na ji yaranka sun koma wajen mai turare."

"Baba, yara ne, ka san su."

"Kai fa?"

"Inshallah, Baba."

"Inshallah me?"

"Inshallah alheri."

Alhaji ya yi dariya ya ce ya ɗauki kaya ya tafi. Shi a ransa magana ta ƙare, don bai taɓa kawo wa kansa cewa yaron da ya tsinta a ƙofar masallaci zai iya tsayawa wani wuri ba bayansa ba. Nasirudeen kuwa ya same ni a waje, gumi na zuba.

"Cale, abokina Sanda, ba damuwa. Ranar zaɓe in dangwala abina in ninke in jefa a akwati. Ni da Allah kawai."

A Gana haka suka saba, shi ya sa hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa na san mutanena. Da aka zo tsara zaɓe 'yan Zango suka ce a kawo akwati da tawada, sai dattawan Kano suka ce sam, akwati shi ne uban maguɗi, sun ga abin da ya ishe su a gida. Layi za a yi. Kowane ɗan takara ya tsaya, mai son sa ya bi bayansa, a ƙirga kawuna a gaban kowa. Dattawa sun fi baki, aka tsaya a kan layi.

Makon nan Nasirudeen bai ci abincin kirki ba. Bizarsa ta kusa sabuntawa, kuma sa hannun Alhaji take jira. Bayan wannan ma akwai kunya, wadda ta fi bizar nauyi a wurinsa. A ɗaya gefen ga samarin da shi ya koya musu hanyar dutse, duk sun zuba masa ido, sun ce inda ya tsaya nan za su tsaya. Na ce masa ya ce zazzaɓi ya kama shi ranar. Ya ce Baba zai aiko da bas a kai shi asibiti, kuma ni zan tuƙa.

Ranar zaɓe sito ya cika. Aka matsar da katan-katan gefe, fanka na ta kaɗa iska mai zafi. Alhaji ya tsaya a dama da babbar riga, Abdulganiyyu a hagu yana ta ɗaga wa mutane hannu kamar an riga an rantsar da shi. Aka ce bismilla. Ni ban ɓata lokaci ba na bi bayan Alhaji, don ina son barcina na Juma'a, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Nasirudeen ya zo ya tsaya a gabana, a layin Alhaji. Samarin Zango suka tsaya cirko-cirko a tsakiya, suna duban juna. Ɗaya ya fara jan ƙafa zuwa wajenmu, fuska a murtuke, sauran suka biyo shi kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Ina ganin bayan wuyan Nasirudeen, jijiya ta tashi.

Mai ƙirga ya fara daga gaba. Kafin ya iso kanmu sai Nasirudeen ya ce, a hankali, ban san ko da ni yake ba, "Allah ya yafe mini." Ya fita daga layi. Bai zagaya ta baya ba, ta tsakiyar fili ya ratsa, a gaban kowa, ya je ya tsaya a hagu. Samari suka ɗunguma suka bi shi, har ɗaya yana tuntuɓe da katan.

Alhaji ya ji motsi ya waiwayo. Ya bi layinsa da ido tun daga gaba har baya, yana neman doguwar fuskar nan, bai gan ta ba. Sai ya duba ɗaya ɓangaren. Na so a ce ban ga fuskarsa a lokacin ba, don tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Bai yi fushi ba. Ya dai gyara hularsa, wadda ba abin da ya same ta, ya juya gaba.

Abdulganiyyu ya ci da ɗan rinjaye kaɗan. Aka yi addu'a, aka raba lemo, Alhaji ya ba shi hannu ya fita. Samari na ta murna suna ɗaga Nasirudeen sama, shi kuwa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Asabar da sassafe na je shagon, wai ɗaukar kaya, alhali gulma ce ta kai ni. Nasirudeen ya riga ni, ya share ƙofa, ya jera katan, ya tsaya a gefe hannu a baya. Alhaji ya zo, ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya zauna. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Nasiru."

"Na'am, Baba."

"Ba faɗa zan yi ba. Tambaya ce, kuma ina son gaskiya, ba inshallah ba. Mene ne a saman dutsen nan? Me kake samu a can da ya fi ni?"

Na zaci Nasirudeen zai ce iska, ko lafiyar jiki, irin abin da mai turare ke faɗa.

"Ba komai a can, Baba. Duwatsu ne da awaki." Ya dubi Alhaji. "Amma in na hau, ba wanda ya aike ni. Ni na ce zan je, na je. Tun da na zo ƙasar nan, can ne kaɗai."

Alhaji ya dube shi, ya dubi tsohon keken kaya da ke jingine a bakin ƙofa, igiyoyi na reto. Can ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Jibi ka zo da fasfo ɗinka, bizarka ta kusa."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Akwai katan ɗin leshi a gefen tebur da mai shi ke jira a bakin ruwa, wajen lodin jirage, tun jiya, har ya yi waya da asuba. Alhaji ya nuna shi da carbi, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, ya sauke hannun a kan gwiwarsa. Na daɗe ina shiga shagon nan, ban taɓa ganin Alhaji Mijinyawa ya rasa yadda zai aiki mutum ba sai ranar. Haka ya zauna har Nasirudeen ya lura da katan ɗin da kansa, ya sunkuya ya ɗauka.