Isansin Surukina

Zamanin mulkin Nasara ina aikin allurar shanu a Dogon Dutsi. Ma'aikatarmu ta samu keke mai inji guda ɗaya tak, aka ɗora mini shi saboda ni ne mai yawon rugage. Ba wani abin kirki ba ne, keke ne aka liƙa wa ɗan inji, in ya ga yashi mai zurfi sai ya yi zuciya, ka sauka ka tura shi kana haki. Amma a lokacin ji nake duk ƙasar Arewa ba mai abin hawa irin nawa. In na ratsa kasuwa har ƙara masa wuta nake yi don a waigo.

Ranar da aka damƙa mini shi, Baturen da ke shugabancinmu ya tsare ni da gargaɗi. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam, a cikin isansi, wato fetur, ake gauraya masa. Lita guda, ɗan kofin shayi guda na mai, kada ya cika. In ka yi rowa, cikin injin ya bushe ya kama, shi ke nan ya mutu. In ka saki hannu, buji, wato fulogi, ya toshe, ka tafi kana tuƙa hayaƙi duk gari na tari. Ya ce in na kashe shi ba wani za a aiko ba, in koma wa ƙafafuna. Na riƙe wannan magana gam. Da bazara nakan ɗan ƙara man saboda zafi da yashi, da damina in rage. Man kuwa a wata tsohuwar kwalbar magani nake ɗura shi, 'yar ƙarama mai duhu, ba ta rabuwa da jakata.

Surukina yana wani ƙauye gaba da Matankari. Dattijo ne dogo, mai dawaki, mai kyauta har ta yi yawa. A kan al'adar kakanni yake, ba ya salla, kowace shekara yakan yi wa doguwar gidansu, iskar da suka gada, yanka. Da zan auri 'yarsa, dangina a gari sun yi ta ƙus-ƙus, wai in kula da abin da zan ci a gidan nan. Ya san ana faɗin haka. Bai taɓa nuna ya ji ba, ni kuma ban taɓa ɗaukar zancen da muhimmanci ba. Ina ganin girmansa ƙwarai, ba abin da nake so irin ya ci gaba da kallona a matsayin ɗa.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta da. Ba mu zama tabarma ɗaya. In na zo, tun daga nesa nake tuɓe takalma in durƙusa, kaina a ƙasa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ya dubi wanda ke kusa ya ce, “A ce ma baƙo sannu da hanya,” alhali ina gabansa ina ji.

Matata ta je gida haihuwar fari. Da ta yi nisa da wankan jego, na hau kekena na tafi gaisuwa. Na isa da hantsi, tankin ya kusa ƙafewa, amma ban damu ba, don na ɗaure kwalbar gaurayayyen isansi a baya saboda komowa.

A gidan surukina ba a ba baƙo abinci sai an ba dokinsa. Haka ya gada, haka yake yi. Ashe tun zuwana na baya abin yana damunsa, ga baƙo ya zo da abin hawa, shi kuma ba harawa ba dawa da zai iya ajiye masa. Sai ya bi wani direban motar gyaɗa har ya samo isansi, ya ɓoye a ɗakinsa yana jiran ranar da zan zo.

Ina durƙushe a ƙofar gida, maza sun kewaye keken, sai ga shi ya fito da kwalabensa. Ya kwance tawa daga baya, ya ɗaga ta sama tare da guda cikin nasa, rana na ratsa su. Tasa garau. Tawa kuwa ta yi duhu-duhu saboda man da ke ciki.

“Ku diba abin da mutanen gari ka saida ma yaron ga,” in ji shi. “Wanga ai gurɓatacce na. Sun ga shina da sanyin hali, sunka cuce shi.”

Kowa ya leƙa ya girgiza kai, har da masu salati. Ya miƙa tawa ya ce a kai a zuba wa garar da ta dami rumbu. Sannan da hannunsa ya buɗe tankin, ya tuttula isansinsa tsantsa har ya cika fal. Ina kallo ta ƙasan ido. Kalma biyu ce za ta raba ni da wannan masifa, amma ta ina zan fara? In ɗaga kai a gaban mutanen garinsa in ce, Baba, ba haka ake yi ba? Abin da na iya kawai shi ne godiya.

Bai tsaya nan ba. Ya ce, “In za shi tahi a ɗaura min sirdi. Ni ka raka shi har hanyar Matankari, in ga gudun da shika yi yanzu da yac ci mai kyau.”

Nan na san ba damar in bari sai na fita gari in gyara. Kafin mu kai hanyar, injin zai ƙone a gabansa.

Da na shiga wurin matata na faɗa mata a hankali. Ta rufe baki da gefen zane tana dariya har jaririn ya farka. Na ce ta gaya wa tsohon. Ta zaro ido.

“Ni? Wata nawa shina lallaɓa kwalaben nan, ko mu ba mu taɓa su. Kai da kekenka, ku san yadda za ku yi.”

Rana ta take, kowa ya nemi inuwa. An jingine keken a bayan zaure. Na zagaya kamar mai neman wurin kama ruwa, na tsuguna, na zaro 'yar kwalbata. Na auna da ido, na yi bisimilla kamar yadda na saba a kan komai, na tsiyaya man cikin tanki. Na rufe, na kama keken ina jijjiga shi don ya gauraya, ina waige-waige.

A waige na uku na gan shi. Yana tsaye a bakin turken dawaki da ƙwaryar dusa a hannu, ban san tun yaushe ba. Idonsa ba a kaina yake ba, a kan kwalbar yake. Sai a lokacin na ga abin yadda shi ya gan shi. Ga surukinsa mai salla ya laɓe a bayan zaure da kwalbar magani mai duhu, yana tofa addu'a yana zubawa a kan kyautar da aka yi masa. Ko yaro ka nuna wa haka zai ce rubutu ne na karya sammu.

Ya ajiye ƙwaryar. A karo na farko tun da na san shi, ya dube ni ya yi mini magana ba ɗan aike.

“Ɗiyata na ba ka, kak karɓa hannu biyu. Kwalba ce kaj ji tsoro?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. In na yi shiru, na tabbatar masa ina zarginsa. In na yi bayani, na ce masa kyautar da ya wahala a kanta kashe keken za ta yi, kuma na bar shi ya yi abin dariya a gaban jama'a. Ina cikin wannan lissafin banza ya juya ya shige gida.

Ba a ɗaura sirdi ba. Aka aiko a ce wa baƙo ya sauka lafiya. Keken kuwa, don ya ƙara mini takaici, ranar ko tari bai yi ba har Dogon Dutsi.

Daga baya matata ta zaunar da shi ta warware masa komai, yadda injin yake da dalilin man. Ta ce ya saurara, ya ce ya gane, ba komai. Na ji sanyi, na ɗauka magana ta wuce. Da na koma ɗaukarta bayan arba'in, na durƙusa inda na saba, aka kawo ruwan baƙo. Sai ya tare mai kawowa, ya karɓi ƙwaryar, ya kurɓa a gabana, sannan ya ce a miƙa mini. Aka kawo fura, ita ma ya ɗanɗana.

Haka ya ci gaba da yi mini har ya bar duniya, ni kaɗai a cikin surukansa. Ko sau ɗaya ban iya cewa ya bari ba. Nakan karɓa hannu biyu in sha.