Ɗakin Goggo

Na zo Doha shekara guda bayan rasuwar maigidana, kafin garin ya cika da baƙi masu kallon ƙwallo. Ɗana likita ne, a unguwar Nu'aija yake zaune da iyalinsa. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan ina faɗa. Amma a garinmu, in na buɗe baki da tatsuniya, har matan aure sukan bar tuwo a wuta.

Nan kuwa sai na sha kunya. Bayan magariba na tara jikokina uku, na ɗauko musu labarin yarinyar da ta shiga kango. Ban yi nisa ba autan ya katse ni.

"Kaka, mene ne kango?"

"Gidan da masu shi suka ƙare, rufin ya rufta."

"To a rushe shi mana a gina sabo. Khalas, shi ke nan!"

Suka kwashe da dariya, kowa ya koma kan wayarsa. Ban ga laifinsu ba. Yaran da suka tashi suna ganin benayen Lusail, ko'ina fitila, ina za su san gidan da ya girmi mutanen cikinsa? Amma abin ya tsaya mini. In suka daina saurarona, me ya rage tsakanina da su ban da gaisuwa?

Babbar, wadda ke jami'a, ita ta same ni ina tsinkar zogale. Ta ce suna karanta littattafan ban tsoro na Turawan da, kuma kusan kullum abu ɗaya ne: tsohon gida, ɗaki a kulle, mamacin da bai huta ba, zaluncin kakanni yana bin jikoki.

Na ce, "Ke 'yar nan, ai duk ina da su."

"Kina da su, Kaka. Amma a nasu, gidan na mai labarin ne, ba na wata yarinya can ba."

Kwana biyu ina juya maganar. Sannan na ajiye tatsuniya na ba su gaskiya. Kakana ya cinye gonar ƙanwarsa, Goggo. Ta rasu ba ta yafe ba. Aka rufe ɗakinta da kwaɗo, taɓaryarta na ciki, amma duk lokacin girbi muna jin daka daga can. Ni na ji da kunnena. Gonar kuma ba ta ƙara yi wa kowa albarka ba.

Babu wanda ya taɓa waya. Autan ya matso jikina.

"Ɗakin yana nan?"

"Yana nan, maigidana. Gidanku ne ai."

Ya ce, "Wa kuma ya ji?"

Mu da yawa muka ji. Yanzu saura ni, da ƙanwata da ke riƙe da makullin, da wani ɗan baffanmu da ido ya tafi, amma kunnensa garau.