Irin Gyaɗa da Zoben Fata

A daminar da aka cire tallafin man fetur, lokacin da masu ƙananan motoci irina suka yi ta jingine su suna komawa babur, na yi wata 'yar tafiya daga ƙauyenmu na ƙasar Minjibir zuwa Makoda. Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da taubashina, da buhun irin gyaɗa ɓararre a kujerar baya.

Irin nan ba nawa ba ne. Bara ƙwari suka cinye wanda na ajiye, sai wani malami a Makoda, wanda muka yi karatun allo tare, ya ɗebo daga nasa ya ba ni, a kan in mayar masa kafin shukar bana. Na yi ta jinkiri ina jiran mai ya yi sauƙi. Sai ga shi ya bugo waya ya ce an yi musu ruwan shuka, ya gama huɗa, kuma ƙasarsu jigawa ce, ba ta daɗewa da laima. Bai ambaci iri ba, ni ma na san ba sai ya ambata ba.

Motata tsohuwa ce 'yar Kwatano, na saye ta a hannu na uku. Tun da abubuwa suka tsananta na daina kai ta wurin bakanike don ƙananan ayyuka, domin man zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefane. Ana gobe tafiya na shimfiɗa buhu a tsakar gida na shiga ƙarƙashinta don juyen baƙin mai. Wanda ya ƙera motar nan bai taɓa tunanin mai hannu irin nawa zai kwance filta ba. Ya cusa ta a wani lungu da sai ka bar fatar yatsu kafin ka kai. Sifanar da ta dace da notin ƙasan inji kuwa, kullum ita ce wadda aka ara ba a dawo da ita ba. Da ƙyar notin ya kwance, ya faɗa cikin roba tare da man, washarsa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke hana yoyo, ta gangara cikin rairayi. Na tankaɗe ƙasar wurin da rariya ban gan ta ba. Sai na ɗauko tsohuwar gafakar littattafaina, na yanko zobe daga fatarta, na sa, na ɗaure tam. Tsohon man na zuba shi a jarka in kai wa Malam tsaraba, don shafa wa azara saboda gara.

Hanyar burji muka bi. A ƙasarmu babu daji. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, ga ɗorawa da gawo tsaye a tsakiyar kunyoyi. Gero ya fito ya kai taƙi. A bakin gonaki da yawa tsibin takin gida muka gani, na zamani ya fi ƙarfin mutane bana. A wata mararraba muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har taubashina ya tambayi mai tuyar ko na yara ta ba mu. Ta ce, "Alhaji, waken ne ya je Makka bai dawo ba."

Da muka hau titin Danbatta motoci jefi-jefi ne, mafi yawa bas cike da mutane har ƙofa. Ba mu yi nisa ba jar fitilar mai ta kama. Na gangara gefe na kashe. A bayanmu ɗigon baƙin mai ya ja layi a kan kwalta iya ganin ido. Na leƙa ƙasa: zafin inji ya ƙone fatar, ta motse ta yi baƙi.

Taubashina ya durƙusa ya duba, ya ce, "Taubashi, ashe ganda ka gasa mata. Fatar da ta saba da littattafai ina ita ina wuta?"

Na ɗaga kai sama. Rana nake kallo, tana ɗagawa, ga iska mai busar da ƙasa ta taso. In laimar ta wuce, Malam zai jira wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa, gyaɗarsa ta makara saboda ni.

Muka jira inji ya huce. Na yi sallama a wani gida na roƙi kwanon da zan tari sauran man da shi. Wata dattijuwa ta miƙo wani tsohon kwanon sha, ta ce in mun gama kada mu dawo mata da shi. Muka tsinci murfin kwalbar lemo, muka daddake shi da dutse ya baje, muka huda tsakiyarsa da ƙusa, muka yi ta faɗaɗa hujin har noti ya shiga. Man da ya rage bai kai rabi ba, na saye kuwa babu a kusa. Tsarabar Malam na tace da tsumma na mayar cikin injin da na fitar da ita jiya, da duk wahalar da na sha.

A hankali muka ƙarasa, ina tsayawa ina leƙawa. Mun isa bayan azahar. A gona muka same shi da iyalinsa, sun sare ramuka da sungumi suna zaune a inuwa. Bayan gaisuwa ya tura hannu cikin kunya har wuyan hannu, ya damƙo ƙasa ya matse. Ta dunƙule. Ya ce, "Da saura. Bismillah." Na naɗe riga na shiga layi, muna jefa iri muna rufewa da diddige har rana ta yi ja. Da dambun zogale aka sallame mu, a can muka kwana.

Washegari muka dawo lafiya, murfin kwalba bai ɗiga ba. Abin da na koya kaɗan ne: aikin mota ba a yin sa ana gobe tafiya, ba a yin sa a kan rairayi, kayan aro kuma tun da rani ake mayar da shi. Washar ta ainihi kaji suka tono ta a gindin turmi.

Bayan mako guda Malam ya bugo. Ya ce gyaɗa ta tsiro layi-layi, babu gurbi. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni: "Iri ka karɓa, iri ka kawo, har da hannunka a shuka. Ba na bin ka komai." Na ce alhamdu lillahi.