Jan Fentin Lung Sangiam

Shekara goma sha tara Wanphen ta yi a wata ƙaramar masana'antar fenti a Samut Sakhon, inda ake haɗa launin motocin katako na yara da ake kaiwa Turai. Aikinta karatu ne mai cinye ido: wane sinadari aka hana, wanne aka rage, yaushe wa'adi zai cika. Turawan nan ba sa gajiya da canza doka, ita ma ba ta taɓa bari rana ta wuce ta ba. Ko shinkafarta da miyar gwanda a gaban kwamfuta take ci.

Sai ga takarda daga masu sayen kayansu. Wani sinadari da ke cikin jan fenti ya shiga jerin haramtattu, an ba su wata shida su canza.

Jan nan na Lung Sangiam ne, tsoho mai haɗa launi, kawun kowa a masana'antar. Shekara talatin yana haɗa shi da ido da hanci, ba ya karanta Turanci, kuma shi ya roƙa wa Wanphen aiki tana yarinya. Ta yaya za ta dubi furfurarsa ta ce abin alfaharinsa guba ne? Nauyinsa ya kama ta. A garin nan yaro ba ya kai wa babba magana tsirara, sai ya zagaya.

Ta kuwa zagaya. "Lung, an ce Turawa sun fara gajiya da ja mai duhu."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Su da ko barkono ba sa iya ci, me suka sani game da ja? Koma kan takardunki, 'yata."

Ta ce gobe. Goben ta zama mako, ta zama wata, har damina ta wuce. Kullum ta doshi ɗakinsa, ta gan shi yana motsa garwa yana 'yar waƙa, sai ta tambayi ciwon gwiwarsa ta juyo.

Wa'adi ya cika, aka gwada kayan a can Turai, aka dawo da kwantena biyu. Masu saye suka ce sai an cire mai laifi. Mai masana'anta ya san gaskiya sarai, amma Wanphen ce kaɗai mai karanta masa dokoki. Sai ya sallami tsohon.

Ranar tafiyarsa, Lung ya zo teburin Wanphen riƙe da ludayinsa na katako a leda. Ya tarar da ita tana kuka kamar ranta zai fita, ta haɗa tafuka ta sunkuya.

Ya dafa kanta. "Haba, share hawaye, ba laifinki ba ne. Mutanen nan ne ba su da kirki, su auko wa mutum ba sanarwa. Da ko wata ɗaya suka ba ni, ai da na haɗa musu wani jan da ya fi wannan."